Sunan Oga a Ƙasan Bodi

Tashar Jabi, Abuja

Zuwa ga maigidana, Oga Dallatu mai zanen mota,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajiya da Bara'atu da sauran mutanen gida. Ya ido? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Oga, Shafi'u ne, yaronka na rumfar Apo. Na san ka yi zaton na manta da kai, wallahi ban manta ba. Lambarka ce ta daina shiga, sai a makon nan na haɗu da Ɗanladi direba mai ɗauko doya daga Karshi, ya ce ya san gidanka, shi ne na ba shi wannan.

Tun shekarar da hawan jinin ido ya mayar da kai gida aka rufe rumfa, ban iya zama ƙarƙashin kowa ba. Na ɗauki jakar buroshi na bi manyan motoci. Inda mota ta sauke ni, nan ne gari. Na yi zane a Mubi, na yi a Kontagora, Gboko, Illela, har Lakwaja. Bodin gingimari, bangon makaranta, allon mai shayi, duk abin da ya samu. Ban taɓa kwana a titi ba, domin akwai wani zaure da muke da shi a waya mai suna Zauren Buroshi. Masu zane ne daga ko'ina, maza da mata. Idan ka sa saƙo cewa gobe kana Gusau, kafin ka isa wani ya share maka wurin kwana. Wani bawan Allah Zacharias ne ke riƙe da shi, a nan Abuja yake.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san dokar rumfarmu: yaron da ba a yaye ba ba ya sa sunansa a ƙasan aiki, sunan ogansa yake sawa. Ciwo ya riga bikin yayena zuwa. Saboda haka duk aikin da na yi a shekarun nan, Dallatu Apo nake rubutawa a ƙasa. 'Yan zaure sun ɗauka sunana ke nan, Dallatu suke kira na, ni kuma kunya ta hana ni gyarawa. To yanzu sun shirya baje kolin hotunan ayyukanmu a bakin tafkin Jabi bayan damina, Zacharias ya ce in turo cikakken sunana za a buga a allo. Sai na gaya masa gaskiya.

Oga, na kai shekarun da nake son in ga sunana a ƙasan aikina. Amma ba zan sa shi da kaina ba. Ina roƙon ka yaye ni.

Ka huta lafiya. Ka gaishe da Hajiya.

Yaronka,
Shafi'u

*

Karshi

Shafi'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdulillahi. Bara'atu ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce mata kada ta rage ko harafi. Ba zan yi maganar nan a waya ba, don ba na son layi ya yanke ina tsakiyar faɗa.

Na ji daɗi da kana raye. Sauran maganarka ban ji daɗinta ba. Kai ka riƙe rabin doka ka yar da rabi. Sunan oga a ƙasan bodi ba ado ba ne, shaida ce. Ma'anarsa idona ya bi aikin nan daga sama har ƙasa na ce ya yi. Yau ka ce mini sunana na yawo a Mubi da Gboko a kan aikin da ban gani ba. Idan ka zana zaki ya yi kama da kyanwar Hajiya, wa za a zaga? Dallatu.

Daga yau ka daina sa sunana. Naka kuma ba ka da iznin sa shi, domin ni ban taɓa yaye yaro ban ga aikinsa ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Ido kuwa ya tafi. Haske da duhu kawai nake bambancewa. Ka ga ke nan babu hanya. Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Dallatu

Yaya Shafi'u, ni ce Bara'atu yanzu, Baba ya shiga alwala. Sannu da ɓata! Ka bar ni ina firamare, ga shi yanzu ni ke koyarwa a firamare, ka ji tsawon sakacinka. Kada faɗan nan ya karya maka zuciya. Sau uku ya sa na karanta masa takardarka, a wurin sunayen garuruwan nan kuwa har tsayar da ni yake yi yana cewa, "Illela? Yaron nan har Illela?" Da Hajiya ta ce masa ya yaye ka kawai mana, ai sai ya juya mata baya kamar ta ce ya sha fenti. Ka san halinsa. Ga lambata a ƙasa, ka riƙa turo takardarka ta waya, ni zan karanta masa. Allah ya tsare hanya.

*

Lafiya

Zuwa ga ƙanwata Malama Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya makaranta, ya yara? Ki gaishe da Oga da Hajiya. Wannan taki ce, ba sai kin karanta masa ba.

Gaskiya maganarsa ta dake ni, kuma abin haushin shi ne yana da gaskiya. Jiya na gama wata tifa a nan Lafiya, dawisu biyu da dabino a tsakiya. Mai motar ya zagaya ya ce, "Maigida, ka manta sa hannu." Na ce ban manta ba. Ya dube ni kamar wanda ya sato aikin. Motar ta tafi da ƙasan bodi fayau, na tsaya ina kallonta har ta sha kwana, raina babu daɗi ko kaɗan.

Ke ba ki san mahaifinki a bakin aiki ba, kina ƙarama. Mutumin nan ba ya auna harafi da ma'auni. Zai ja baya, ya runtse ido ɗaya, ya matso ya ja layi, ki zo da zare ki gwada ki tarar daidai. Direbobi daga Anaca suke ajiye mota a Apo su jira layinsa, ga masu fenti birjik a garinsu. Duk abin da hannuna ya iya, a gefen gwiwarsa na tsince shi. Shi ya sa yayen wani ba zai yi mini ba. Wani dattijo a zaurenmu ya ce in zo Zariya ya yi mini firidom, wato bikin yaye, a yini ɗaya, na yi godiya na ce a'a.

Na ba 'yan zaure labarin duka, na kuma ce su cire ni daga baje kolin Jabi tunda ba ni da sunan da za a buga. Sai ga saƙon murya daga Zacharias. Bari in rubuta miki yadda ya faɗa, da irin Hausarsa ta Abuja: "Haba mai gida, wane irin cirewa? Baba ba ya gani, to mu fa? Mu muna da ido plenti. Kowane gari da ka yi aiki akwai mutum namu. Kowa ya je ya duba, ya gaya wa Baba abin da ya gani. Shi ke nan, kes kulos."

Nazeefa, wata mai zanen littattafan yara a Gusau, ta ƙara da cewa kada a aiko da yabo, a bar Oga ya yi tambaya da kansa, su kuma su amsa. Ni dai ban san ko zai yarda ba. Ke ce kika san lokacin da ake tunkararsa. Idan kin ga fuska, ki gwada. Idan ya ƙi, kada ki matsa masa, ba na son ransa ya ɓaci saboda ni.

Gobe zan bi wata motar shinkafa zuwa Makurɗi. Sai na ji daga gare ki.

Yayanki,
Shafi'u

*

Karshi

Yaya Shafi'u,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, Hajiya na gaishe ka. Ka jawo mini aiki, Allah ya isa tsakanina da kai da cajin wayata.

Na tunkare shi bayan ya ci tuwon dawa da miyar kuka, ka san a lokacin ne ake samun sa. Da farko ya ce idon aro ba ido ba ne. Na ce to. Can sai ya ce, "Su waɗannan mutanen, sun san fenti kuwa, ko masu latsa waya ne?" Na ce ga su ga ka. Zacharias ya sa ni a zauren, na ajiye wayar a kan tabarma, Baba ya gyara zama kamar alƙali.

Yaya, ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutane ne da ba su san mu ba, ba mu haɗa komai ba, amma kowa ya bar aikinsa ya tafi neman aikinka. Wani Abdulbasit a Mubi ya hau babur ya bi wata gingimari har kasuwar shanu don kawai ya duba bayan bodi. Baba ya ce a tambaye shi wutsiyar zakin sama take kallo ko ƙasa. Ya ce sama, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Baba ya ce ƙafar gaba fa, tana taka ƙasa ko tana shawagi? Ya ce tana takawa, har da inuwa a ƙarƙashinta. Na ga Baba ya murza gemu.

Nazeefa kuwa ita ce ta fi burge shi. Ta je makarantar da ka yi wa bango a Gusau da zare a jakarta. Ya ce ta auna tsakanin harafi da harafi, ta auna, ta faɗa. Ya ce ta kankare gefen ja da farce ta ga ko akwai farin shafe a ƙarƙashi. Ta ce akwai, har hawa biyu. Sai ya ce da ni, "Yarinyar nan 'yar wa ce? Ta san aiki." Yanzu kullum sai ya tambaye ni ko ta yi magana.

Wani Bernard a Gboko bai iya Hausa sosai ba, ya yi ta fama, ƙarshe ya ce, "Baba, wannan mikiya, idan ka tsaya kusa, za ka riƙe kaza naka." Baba ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun muna Apo. Mutumin da yake wuni a zaure ba ya ce wa kowa uffan, yanzu tun da hantsi yake kira na, "Bara'atu, ina mutanena?" Har gyara musu nasu aikin yake yi. Suna kwatanta masa, shi kuma yana cewa a rage shuɗi, a ƙara tsawon wuyan raƙumi. Sun sa masa suna Baban Zaure.

To amma ga inda aka samu matsala, kuma gara ka ji daga bakina. Wani Abdulmajeed na Kontagora ya je wani shagon mai shayi da ka yi wa zanen butar shayi da burodi. Ya so ya ɓoye, Baba ya ji muryarsa ta canza, ya ce, "Faɗi gaskiya, ɗana." Sai ya ce fentin ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, rabin butar ya zube, sunan ne kawai ya rage garau. Baba ya ce, "Ɗanyen siminti ya shafa wa fenti. Gaggawa ya yi." Daga nan ya ce in kashe wayar.

Bai sake maganarka ba tun ranar. Ni tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ayyuka da yawa sun yi kyau, amma ka san shi, guda ɗayan nan zai riƙe. Ban san shawarar da zan ba ka ba. Allah ya zaɓa mafi alheri.

Ƙanwarka,
Bara'atu

*

Kontagora

Zuwa ga maigidana Oga Dallatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kana lafiya.

Oga, daga Makurɗi na juyo, ina Kontagora. Abin da ka faɗa haka yake, bangon bai bushe ba na hau shi, motar da zan bi tana jira na a lokacin. Na kankare shi gaba ɗaya har siminti. Mai shayin ya ce in bari, shi bai ga laifinsa ba, na ce ba don shi nake yi ba. Na bar bangon ya sha rana yadda ya kamata, ina kwana a ɗakin Abdulmajeed, da safe muna yin allunan shaguna tare. Sai da na manna leda a bangon ta wuni ban ga gumi a cikinta ba, sannan na sa farin shafe, na mayar da buta da burodi.

Abdulmajeed na nan tsaye a gaban bangon da wayarsa duk lokacin da ka shirya. Ka tambaye shi abin da ka ga dama. Ƙasan na bar shi babu suna.

Akwai wasu ayyuka biyu da nake shakka a kansu, ɗaya a Illela, ɗaya a Lakwaja, ba wanda ya kai ga duba su. Daga nan can zan wuce. Baje kolin Jabi ya matso, na gaya wa Zacharias kada ya jira ni.

Ka huta lafiya.

Yaronka,
Shafi'u

*

Karshi

Shafi'u,

Wa alaikumus salam. Ni ke faɗa, Bara'atu ke rubutawa.

Na yi magana da Abdulmajeed. Na sa ya kwara wa bangon ruwa, na sa ya goga da tsumma, na sa ya kira mai shayin ma na ji ta bakinsa. Ya yi.

Ka bar Illela da Lakwaja tukuna, za ka je daga baya. Ba bangon nake jira ba, so nake in ji ko za ka koma. Na yaye yara da yawa a Apo, a cikinsu akwai waɗanda suka fi ka saurin hannu, amma ban san wanda zai bar aiki a Makurɗi ya tafi Kontagora saboda butar mai shayi ba. Kuma ban san wanda zai yi shekaru yana aiki mai kyau yana bai wa wani tsoho sunan ba. Na yi maka faɗa a kan haka, faɗan yana nan ban janye ba. Amma na ji daɗi, kuma ina alfahari da kai. Bara'atu, rubuta haka, kada ki tsaya kallona.

Ka zo Karshi ranar Asabar. Ka zo da goro da dabino kamar yadda ake yi, ba ruwana da lemon kwalba. Ka gaya wa Zacharias da mutanena duk wanda ke kusa ya zo, wanda ke nesa a kunna masa waya, domin su ne shaidu. Da idonsu na gani.

Ka gaya masa kuma ya buga Shafi'u a allonsa na Jabi.

Dallatu

*

Apo

Ƙanwata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, na gode da ɗawainiya, ki yi wa Hajiya godiyar wainar nan. Har yanzu ina jin hannun Oga a kaina lokacin da yake addu'a, da yadda zauren nan ya ɗauki amin daga garuruwa daban-daban a cikin 'yar wayarki. Na yi ƙoƙari kada in yi kuka a gaban Zacharias, kin dai ga yadda ta kaya.

Yau na karɓi aikina na farko, a Apo na so ya zama, kusa da inda rumfarmu take. Tirela ce, zaki da dabino. Na gama lafiya lau, makanikai sun taru suna kallo. Da na durƙusa zan sa hannu, kafin in ankara hannuna ya riga ya ja D. Na goge, na sake. Wallahi Bara'atu, hannun da ke jan layi a bodi ba zare, sunana ya gagare shi. Sunan ya fito a karkace, farkonsa manya, ƙarshensa a matse kamar na ɗan aji ɗaya. Mai motar bai lura ba, gobe da rana zai tashi.

Don Allah wannan tsakaninmu, kada ki gaya wa Oga.

Yayanki,
Shafi'u

*

Karshi

Yaya Shafi'u,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri, na gaya masa. Ya yi dariya har sai da ya share ido.

Ya ce ka je tun kafin motar ta tashi ka goge ka sake. Ya ce shekara da shekaru ba ka taɓa karkata nasa ba, ba zai yarda ka karkata naka ba.

Allah ya tsare hanya.

Bara'atu